Mai Ƙugiya da Kunun Ɗan Fari

Rannan na je asibitin unguwarmu karɓar maganin ciwon ƙafa, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin ma'aikata masu farin hijabi da waya a hannu, tana gaya wa ƙawarta wai awon yara ai ba aiki ba ne. A ɗora yaro a sikeli, a duba lamba, a miƙa wa uwa abincin tallafi ta kama gabanta, shi ke nan. Madalla da wannan ilimi. Ashe shekarun da na kwashe ina zarya tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe hutu na yi ban sani ba, har gwamnati tana biyana. To tunda ƙafa ta zaunar da ni, bari in ba ku labarin hutun, ko kwa ƙaru.

Sunana Balki. Amma in kun je ƙauyukan bayan Bilbis kuka ce Balki, ba wanda zai gane. Ku ce Mai Ƙugiya, za ku ji tsofaffi sun ja tsaki.

Sikelinmu ba irin naku ba ne da ake shimfiɗa wa jariri tawul yana murmushi. Namu mai fuskar agogo ne, ƙugiya sama, ƙugiya ƙasa. Ta sama a maƙala ta a reshen tsamiya ko azarar zaure, ta ƙasa a rataya mata wani shuɗin wando mai dogayen igiyoyi, a zura yaro a ciki ya yi ta lilo yana kururuwa. Allurar sikelin ba ta tsayawa sai yaro ya tsaya, yaro kuwa ba ya tsayawa sai ya ja numfashi zai saki wani ihun. A wannan ɗan tsakanin ake karanta nauyi. In kika ƙyafta ido ya wuce, sai ki jira zagaye na gaba. Kafin azahar duk wandunan an yi musu fitsari, wani yaron ma mai kyauta ne, yakan ƙara da tsaraba. Ni ce mai awo, ni ce mai wanki.

Ranar da na fara fita ni kaɗai, wata mata ta dubi sikelin ta ja ɗanta baya ta ce, "Wagga ai ƙugiyar mahauta ta! Ɗana za ki rataye kamar cinyar akuya?" Ban ga laifinta ba, don da gaske ta yi kama. Ga kuma kakanni da ke kawo yaro an jibga masa layu da guraye tun daga wuya har ƙugu, ta yadda ba ki san ko yaro kike aunawa ko kasuwar masu magani ba. Ki ce a cire, kin tsokano yaƙi. Dabarar ita ce ki auna shi da kayansa, sannan ki tallabi layun a tafin hannu kina sa musu albarka, hannunki yana ƙiyasta abin da za ki rage. Kuma ba a faɗin nauyin yaro da ƙarfi. In kika yi suɓutar baki kika ce ya yi ƙiba ba ki haɗa da tubarkalla ba, to ko atishawa ya yi a makon nan bakinki ne.

A Bungudu na koyi aikin, a hannun wata tsohuwar ma'aikaciya da ake ce wa Goggo Luba. Allah ya ji ƙanta, ban taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana cin goro. Na daɗe ba ta bari na taɓa yaro ba. Buhun gero take sa ni ratayawa, ta ture shi ya yi lilo, ta ce in karanta. Amma babban darasin da ta ba ni ba na sikeli ba ne. Wata rana wani magidanci ya tsaya a ƙofar asibiti cikin abokansa yana cika baki, wai matarsa ba za ta kawo yaro awo ba. Goggo Luba ta fito ta wanke shi tas a gaban jama'a, har da cewa za ta kai ƙararsa wurin hakimi. Ya tafi yana huci. Washegari sai ga matar da yaron, shi ma ya rako ta har bakin hanya. Na ce, "Goggo, tsoro ya ji?" Ta ce, "Tsoron mi? Tun hwarko shina so ta zaka, bakin abokanai yaka gudu. Yanzu ya samu abin hwaɗi, tilas anka yi mashi. Balki, rabin aikinga ki ba mutane wanda za su ɗora ma laihi." A lokacin na ɗauka surutun tsufa ne.

Bayan an ba mu jiharmu ba da daɗewa ba aka mayar da ni Tsafe, aka kuma shigo da tallafin gari don yara masu tamowa, wato ramar da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa. Garin masara ne haɗe da waken suya, a sito yake a Gusau. Mu je mu ɗauko a bas, mu sauka Tsafe, mu ɗaure a bayan ɗan kabu-kabu, mu shiga ƙauyuka ranar awo. Duk yaron da allura ta nuna ya gaza, a auna wa gidansu gari su riƙa dama masa kunu har zuwa awo na gaba. A takarda tsari ne mai kyau ƙwarai. Wanda ya tsara shi ya ɗauka kowane gida uwa ɗaya ce da ɗa ɗaya da cokali ɗaya, suna zaune a kan kujera.

Sai ga shekarar wahalar man fetur. Mota ta kwana a layin gidan mai, ta wayi gari, ta sake kwana. Ƙyanda kuma ta bi ƙauyuka, kuma duk yaron da ta saki sai ta bar shi ƙashi da fata. Masu bukata suka ƙaru, buhuna a sito suka ja baya. Sai umarni ya zo cewa duk yaron da aka yi ta ba gidansu gari bai ƙaru ba, a cire shi a sa wani, don alama ce ana sayar da garin a kasuwa. Malam Muntari mai kula da sito shi ya gaya mini, kuma ba mugu ba ne, shi ma abin da ke gabansa yake kallo. Akwai masu jira da gaske.

A shekarar nan aka kawo mini Haruna, a wani ƙauye bayan Bilbis. Kakarsa ta wajen uba, Inna Tumba, ita ta goyo shi. An yaye shi, ƙyanda ta kama shi ta sake shi, gashinsa ya yi ja ya kwanta. Na zura shi a wando, ya zauna shiru, allura ta tsaya cak. Ku da kuke jin daɗin yaro mai haƙuri, ku sani mu shi ne yake tayar mana da hankali. Mai ihu yana da sauran ƙarfi.

Na ce, "Inna, ina uwatai?"

Ta nuna da haɓa. Can nesa wata matashiyar mace tana tsaye ta ba mu baya, tana nazarin ganyen tsamiya kamar an aiko ta ƙirga su. Inna Tumba ta ce, "Ga Saude can. Ɗan hwari na. Ke ko ba ki san kunya ba?"

Na san kunya mana, a cikinta aka haife ni. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Da an yaye shi ya koma hannun kaka. Don haka na auna wa Inna Tumba gari, na nuna mata yadda ake damawa. Ta saurara da kyau, har ta gyara mini riƙon muciya.

Awo ya zagayo, allura ba ta hau ba. Ya sake zagayowa, ta sauka. Ƙafafun yaron suka fara kumburi, na danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Da na je ɗaukar gari Malam Muntari ya ce, "Hajiya Balki, in bai ƙaru ba wanga zuwan, sai dai haƙuri." Na san abin da haƙurin yake nufi. In aka cire Haruna, ba zai ga kaka ba, ina nufin ta amfanin gona.

Sai na je gidan da kaina, ranar da ba ta awo ba, da hantsi. Ina so in ga ko da gaske kasuwa garin yake tafiya. Na tarar Inna Tumba ta dama kunu, kauri daidai, ba gudaji, ko ni albarka. Ta juye a babbar ƙwarya, ta ɗaga murya ta kira jikoki. Suka fito daga kowane ɗaki, kowa da ludayinsa, suka kewaye ƙwaryar. Ta zaunar da Haruna a tsakiyarsu, ta sa masa nasa ludayin a hannu. Kafin ya kai na farko baki, masu lafiya sun kai ƙasan ƙwarya suna kankara. Wani ɗan lukuti har da gyatsa. Ashe tallafin yana aiki, ga shaida nan kumatu sun cika, sai dai ba a kan wanda aka rubuta ba.

Na ce, "Inna, garinga na Haruna na shi ɗai."

Ta dube ni kamar na ce ta ci da hagu. Ta ce, "Dut jikokina na. In ba guda, sauran su tsaya kallo? Mi za ni ce ma uwayensu? Mi za ni ce ma Allah?"

Gaskiya ta faɗa. Kakar da ta ware jika ɗaya a gidan gandu ta kunna wutar da ba za ta mutu ba. Ita adalci ya ɗaure ta. Wadda kuma za ta iya rufe ido ta fifita shi a kan kowa, kunya ta ɗaure ta. Kowa a gidan nan mutumin kirki ne, kowa yana bin tarbiyya, yaro kuma yana mutuwa a tsakiyarsu cikin ladabi.

Saude tana gefe tana daka, ta ba mu baya yadda ta saba. Na matsa kusa na leƙa turmin. Geron ya riga ya zama gari tun tuni, tana ta dukansa ne kawai don turmin yana inda za ta ji motsin yaron. In ya yi tari sai taɓarya ta tsaya a sama. Na yi ƙasa da murya na ce, "Kina iya ba shi da hannunki?"

Ta ce, "Wa?"

"Ɗanki."

"Ba ni da ta cewa, na Inna na." Ta ci gaba da daka, hawaye na sauka cikin turmin. Can ta ce, "In anka gan ni ina ɗura mashi, gobe bakin rijiya ba ni da wurin aje huska. Sai a ce ɗiyar wane ba ta da kunya, har uwayena a zaga."

Tausayinta ya kama ni. A nan ne maganar Goggo Luba ta faɗo mini.

Ban yi gaggawa ba, irin wannan aiki yana son 'yan kallo. Na zauna a inuwa har maza suka dawo daga gona, da mijin Saude, Mamman, da tsohon gidan, da maƙwabta masu shigowa shan ruwa. Na saka farar rigar aiki, na rataya sikeli a ƙofar zaure ba don zan auna kowa ba, sai don ƙugiyar ta yi ta lilo ana gani. Sannan na buɗe murya.

"Ku saurara da kyau, gwamnatin soja ta aiko ni! Garinga na gwamnati na. Yaronga kuma tunda ya shiga wandon gwamnati, amanar gwamnati na. Doka ta ce wadda ta haihe shi ita za ta dama, ita za ta ba shi, cikin ɗakinta, ƙohwa ruhe, ba mai leƙe, ba mai lasa. In na dawo allura ba ta hau ba, mota za ta zaka ta kwashi Mamman sai Gusau, shi yi bayani can!"

Soja bai ma san an haifi Haruna ba, motar kuwa ko da akwai ta tana layin mai. Amma a zamanin nan in ka ambaci soja ko akuya sai ta nutsu. Na juya kan Saude na ce, "Ke kuma raguwa, kin haihu kin jibge ma tsohuwa aiki kina wani daka! To hutu ya ƙare. Ko kina so ko ba ki so, sai kin ba shi."

Mata suka hau salati. Tsohon gidan ya ce tunda yake bai taɓa ganin mace marar mutunci irina ba, na ce ya gode wa Allah yau ya gani. Mamman, wanda tafiyarsa mafi nisa kasuwar Tsafe ce, ya yi tsalle ya daka wa matarsa tsawa, "Ke! Tashi ki ɗauke shi! So kike a ɗaure ni?"

Saude ta ajiye taɓarya a hankali. Ta ɗaure fuska, ta tako tana jan ƙafa, ta ɗauki yaron nesa da jikinta kamar kayan aro, kowa ya shaida dole aka yi mata. Ta karɓi ragowar garin ta shiga ɗaki. Amma saurin da asabarin ƙofar ɗakin ya sauka, ni kaɗai na lura da shi. Da na bi ta bayan ɗakin zan fita, na ji wata murya ƙasa-ƙasa tana lallashi, tana kiran yaron da wani suna na gatanci da ba a taɓa ji a tsakar gidan ba.

Inna Tumba ce ta raka ni, da zagi. An shigo har gida an wulaƙanta su, an ƙwace mata jika, Allah ya isa. Tana tafe tana yi, har muka wuce darni na ƙarshe inda ba mai ganinmu. Sai ta kwance bakin zanenta ta zuba mini ƙwan zabi a jaka, ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Nawa ɗan hwarin haka yat tahi, ina kallo ina daka. Ki dawo ki ƙara zaginmu, kar ki sassauta." Ta juya ta ɗaga murya don na cikin gida su ji, "Kuma ban yahe ba!"

Na kuwa riƙa komawa, kuma ban sassauta ba. Ranar awo ta zo, Inna Tumba ta goyo shi, Saude ta koma bakin aikinta na kallon tsamiya. Na zura Haruna a wando. Ya dube ni, ya dubi ƙugiya, ya tsandara ihu, ya harba ƙafa, ya tsula mini fitsari har gaban riga. Wallahi ban taɓa farin ciki da fitsari kamar na ranar ba. Na jira ya ja numfashi na karanta. Kumburin ya saɓe, allura kuma ta ɗan hau. Da jama'a suka watse Saude ta gifta ta gefena, idonta a wani wuri, ta ce, "Abin nan naki, ya motsa?" Na ce, "Ya ɗan motsa, kar ki saki jiki, mota tana nan." Ta wuce abinta. Malam Muntari bai cire shi ba.

Kada ku ɗauka kowane labarin shekarar haka ya ƙare. Akwai waɗanda na rataya sau ɗaya, awo na gaba aka ce mini sun koma, kuma har yau ina ganin fuskokinsu. Ladar da na samu a ƙauyen su Haruna kuwa ita ce suna. Mata suka daina amsa gaisuwata, in yaro ya ƙi barci a ce masa ga Mai Ƙugiya nan. Ba wanda ya zagi gwamnatin da na ce ta aiko ni, ni aka sa a gaba. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Har aka mayar da ni Gusau, ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Makon jiya ina zaune a tsakar gida na miƙe ƙafa, aka yi sallama. Wata dattijuwa ta shigo. Ban gane fuskar ba, don ban taɓa ganinta sosai ba, sai da ta juya tana ajiye takalmi na gane bayan. Saude ce. Zaman ƙauye ya gagara, sun dawo gefen Gusau da iyalinsu duka. Bayan gaisuwa ta ce wancan da na taɓa ratayawa ya yi aure, matarsa ta haifi ɗan fari, an yaye shi, ya rame. Sun je asibiti, kun ba su abincin tamowa na cikin leda, kun yi musu murmushi, kun ce don Allah a daure a riƙa ba shi shi kaɗai.

Na ce, "To, ana ba shi?"

Ta ce, "Ana ba su dut. Yanzu ni ta kaka, jikoki cike da gida, in ba wa in hana wa? Ita kuma yarinyar ta ba mu baya tana ta wanke-wanken da ba ya ƙarewa. Na koma asibitin, na iske yaranga na yanzu dut ladabi gare su, ba mai iya zagi. Shi na na biɗo gidanki. Ki taso ki yi ma surukata irin rashin mutuncin da kinka yi mani."

Na ce, "Saude, ƙahwata ba ta taka ƙasa."

Ta ce, "Ga babur nan waje, shi ka tuƙi, kabu-kabu yaka yi."

Na leƙa ta zaure. Wani ƙato ne zaune a kan babur, ya cika shi fam, irin wanda ko ƙugiyar mahauta ta gaske sai ta miƙe. Har yau ba ta kira sunansa ba.

Na ce, "Soja sun tahi tun tuni. Da sunan wa za ni tsorata su?"

Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tunda muka san juna, ta ce, "Mu dama ba soja munka ji tsoro ba. Ke dai taso."

Na sa aka jawo mini tsohon sikelin daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe farar rigar da ta koma ruwan ƙasa. Haruna ya sauko ya tallabe ni ya ɗora a bayan babur, yana ce mini sannu Inna. Muka kama hanya ƙugiya tana lilo a hannuna, ni kuma ina ta gyaran murya.